Masarar da Na Sa Yayana Ya Rantse a Kanta

Ni tela ne a Kankia. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, sai ɗan abin da na samu na allo a gaban mahaifinmu. Gidanmu na asali yana Ƙofa, ta wajen Kusada, kuma a can yayana yake, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya gaji zauren da mahaifinmu yake karantar da yaran unguwa. Ni na gaji rabin gona, da son a san da ni.

Tun muna yara mun san yadda ake ajiye iri. Ranar girbi, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, mahaifinmu yakan bi gona a hankali yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ta gero ko ta dawa, yana ware ta gefe. Wannan ba a cin ta komai yunwa. A ɗaure ta daban, a barbaɗa mata toka saboda ƙwari, a rataye a can saman rumbun ƙasa. Mutumin da yake sayen iri a kasuwa kowace shekara, a gidanmu ba a lissafa shi cikin manoma.

Wata shekara mai shagon kayan gona da ke kusa da shagona ya matsa mani in gwada wata masara. 'Yar jaka ce ta leda, ƙwayoyin an shafa masu jan magani, a baya kuma akwai ƙananan rubutun Turanci da ban tsaya karantawa ba. Ko na tsaya ma ba zan gane rabinsa ba. Ya ce ana kiranta mai aure. Na shuka ta a gangaren gonata, inda ruwa yake ɗan kwanciya.

Ban taɓa ganin shuka irin wannan ba. Tsayinta ɗaya, kamar an ja igiya an daidaita. Rana ɗaya ta fidda fure, mako ɗaya ta yi goyo, kowane goyo kamar damtsen mutum. Masu dawowa daga kasuwar Kusada sukan tsayar da babur su tsaya kallo. Ni kuwa sai in rufe shago in tafi gona ba don wani aiki ba, don dai in tsaya a bakin hanya a tambaye ni.

Da kaka ta yi, na yi abin da na ga mahaifinmu yana yi. Na zaɓi manyan goyo, na ɗaure su biyu-biyu da ɓawonsu, na kai gidan Yaya, domin rumbun mahaifinmu yana can.

"Hau ka rataya da kanka," in ji shi, yana dariya. "Kada gobe ka ce ɓeran gidana ya fi na Kankia haƙori."

Sabuwar riga ce a jikina. Na ce ya hau. Ya naɗe hannun rigarsa ya hau.

Da bazara ta zo, ɗinkin Sallah ya rufe ni. Na aika mashi ya sauke masarar ya murje mani. Shi da matarsa suka yi kwana biyu suna murza da hannu, har tafin hannunsu ya yi ƙanta. Na zo na ɗauki buhu na fara rabo. Tiya ga wannan, rabin tiya ga wancan, a Ƙofa da Tafashiya, har wani mutumin Kafinsoli da ya zo ɗinki. Ban karɓi komai daga kowa ba, kuma kada a ɗauka alheri ne. So nake a riƙa kiran irin da sunana. Aka kuwa fara. 'Yar tela ake ce mata.

Damina ta yi kyau a shekarar, ruwa bai yi gardama ba. Amma tun kafin a yi maimai na ga abin bai yi daidai ba. Wata ta kai ƙirji, ta kusa da ita ba ta wuce gwiwa ba. Wata ta fidda fure har ya bushe, wata ba ta ko fara ba. Na ƙara taki, na ce ƙila ƙasa ce. Sai labari ya fara zuwa daga gonakin mutane, duk iri ɗaya. An samu abinci, ba wai ba a samu ba, amma bai kama ƙafar abin da na yi alkawari ba, kuma mutane sun ba ta wurin da ya fi kyau a gonakinsu.

Wani maƙwabcin Yaya, wanda ya hana kansa gyaɗa a shekarar ya shuka masarata a inda ya zuba takin shanunsa duka, ya zo shagona ranar kasuwa. Ya ajiye goyo biyu a kan keken ɗinkina, ɗaya dogo, ɗaya kamar babban yatsa.

"Tela, wannan ɗinkin uba da ɗansa ka yi mani, ko awon ne ya ɓace?"

Mutanen da ke zaune a benci suka fashe da dariya. Daga ranar duk abin da ya fito ba daidai ba, katanga ce ko askin yaro, sai a ce ya yi 'yar tela.

Ban iya ɗaukar dariya ba, tun ina yaro. Na zauna na yi ta juya abin. Ni na zaɓi goyon da hannuna, kuma na san abin da ka shuka shi yake fitowa, haka muka gani a gero da dawa tun tasowarmu. Ashe an canza mani iri. Wa ya hau rumbu? Wa ya murje? A shekarar kuma babbar ɗiyar Yaya ta tafi kwalejin horon malamai, na tambayi kaina ina malamin zaure ya samu abin kai ta. Cikin kwana biyu na gama ɗinka labarin. Ya sayar da irina a kasuwar Kusada, ya cika mani buhu da masarar tuwo.

Ban je na tambaye shi ba. Wurin mai gari na kai ƙara.

Aka zauna da hantsi a ƙofar gidan mai gari, da liman da dattawa. Liman ya tambaye ni ko ina da shaida. Na ce gonakin mutane su ne shaidata. Ya ce wannan ba shaida ba ce, ya ce in bar maganar, jini ɗaya ne.

"In shina da gaskiya," na ce, "mi zai hana shi dafa Alƙur'ani?"

Yaya ya dube ni. Bai yi fushi ba, da ya yi da na ji sauƙi.

"Kullum ina hana yara dafa shi a kan abin duniya," in ji shi. "Yau ni zan dafa shi a kan masara. To, ƙanena. A kawo buta."

Ya yi alwala a gaban kowa, ya dafa, ya rantse bai canza ko ƙwaya ɗaya ba. Hannunsa bai yi rawa ba. Da na koma Kankia na ce wa mutane wannan ma alamar taurin zuciya ce.

Wata huɗu bayan haka, cikin rani, yana biya wa yara karatu ya faɗi. A asibiti aka ce hawan jini ne da ya daɗe a jikinsa ba a sani ba, irin wanda ya kwantar da mahaifiyarmu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta tafi. Amma a Ƙofa ba wanda ya tsaya kan maganar likita. An ƙirga watanni daga ranar rantsuwa, aka ce ta kama shi. Kafin a sallamo shi iyaye sun fara kwashe 'ya'yansu. Wa zai bar ɗansa ya ɗauki karatu a zauren mutumin da Alƙur'ani ya kayar?

Na tuna wata safiya a wurin mai shayi, wani ya tambaye ni kai tsaye ko ina ganin rantsuwar ce. Na san ciwon mahaifiyarmu, ni na yi jinyarta. Na hura shayina na ce, "Ni dai ban ce komai ba. Kun gani da idonku." Dariyar da ake yi mani ta tsaya daga wannan makon. Na zama wanda aka zalunta, kuma na ji daɗin zama shi.

Sauran abin da zan faɗa ya fi wannan muni.

Damina ta gaba na sayi sabuwar jaka, masara ta yi kyau kamar farko. Na sake zaɓen manyan goyo, amma wannan karon a ɗakina na Kankia na rataye su, makulli a aljihuna. Da wata daminar ta zo, ni na murje, ni na shuka. Ba hannun da ya taɓa irin sai nawa. Da ta taso, wata ta kai ƙirji, wata ba ta wuce gwiwa ba.

Na tsaya a tsakiyar gonar ina kallo. Ban san dalili ba, amma na san abu ɗaya, Yaya bai canza komai ba. Gonar tana bakin hanya, in ta ƙara mako biyu kowa zai gani. Na ɗauki lauje na sare ta ɗanya, na ce wa masu tambaya tsutsa ce ta shige ta, na ba wani mai shanu karan. Daga gonar zuwa ɗakin da Yaya yake kwance tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba ce. Na hau babur na koma Kankia.

Shekara biyar na riƙe wannan. Ina zuwa gaisuwar Sallah, in zauna a bakin ƙofa, in ajiye abin da na kawo, in tashi.

Ɗiyar tasa ta gama karatu, ta samu aikin koyar da kimiyya a wata makarantar 'yammata a nan Kankia. In mun haɗu a hanya takan rusuna ta gaishe ni, ba ta ƙara komai. Wata rana da la'asar ta shigo shagona da rigar babanta a leda. Tana so a farke hannun dama a sa maɓalli, domin sa mashi riga yana ba uwarta wahala.

"Inna ta ce in kai wa kowane tela ban da kai," in ji ta. "Ni kuwa na ga kai ka fi sanin awonsa."

Na karɓi rigar na ajiye a kan keke. Ban san yadda aka yi ba na ji bakina yana tambaya, "Malama, a karatun naku akwai abin da zai sa iri ya canza da kansa, ba wanda ya taɓa shi?"

Ta ja benci ta zauna. Ta ce in ba ta baƙin zare da fari da almakashi.

Ta yanka guntaye masu tsawon yatsa ta jera a kan teburin yanka. Ta ce jikin masara, kamar jikin mutum, an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace akwai wasu abubuwa kamar zare da ke ɗauke da kamannin shukar, tsayinta da girman goyonta da lokacin furenta. Zaren nan biyu-biyu suke, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A masara biyu-biyu sau goma ne. Ta jera uku kawai, ta ce sun isa.

"Masu yin iri mai aure sukan tsare dangi biyu shekara da shekaru, har kowanne ya zama zarensa launi ɗaya ne. Wannan baƙi da baƙi, wancan fari da fari. In aka haɗa su, mi 'ya'yan za su samu?"

"Baƙi ɗaya, fari ɗaya."

"Dukansu, ba mai bambanci. Ita ce jakar da ka saya. Shi ya sa ka ga kamar an ja igiya."

Sai ta ce idan wannan shukar ta girma za ta yi nata 'ya'yan, ba ta ba da zarenta duka. Garin furen da ke kanta da ƙwan da ke cikin goyonta, kowanne rabi yake ɗauka, ɗaya daga kowane biyu, don in sun haɗu lissafi ya koma daidai. Wanne zai tafi, baƙi ko fari, ba mai zaɓa. Ta rufe ido ta ja ɗaya daga kowane jeri, ta samu baƙi, fari, fari. Ta mayar ta sake ja, ta samu fari, baƙi, fari. Kuma kafin su rabu, in ji ta, sukan rungumi juna su yi musayar guntaye. Ta ɗora baƙi a kan fari, ta datse su tare, ta ƙulla kan wannan da gindin wancan. Zare biyu suka fito, kowanne rabi baƙi rabi fari.

"Yanzu ka haɗa garin fure da aka yi haka da ƙwan da aka yi haka. Goyo ɗaya, Baffa, amma kowace ƙwaya a jikinsa da nata rabon. Ka zaɓi uwa mai kyau, ba ka zaɓi abin da ta raba wa 'ya'yanta ba."

Na ce to geron mahaifinmu fa, da muke maimaitawa kullum?

"Shi ma haka yake yi. Ka taɓa ganin gonar gero mai tsayi ɗaya? Gauraye yake tun kakanni, kun saba da shi, ba wanda ya yi maku alkawarin igiya." Ta tattara zaren da gefen hannunta. "Mu ma haka ne. Kai da Baba ciki ɗaya, ga shi ko kunnenku bai yi kama ba."

Ta ce tun tana shekara ta biyu a kwaleji ta san wannan. Ta je ta gaya wa liman, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya ce kowace ɗiya za ta nema wa ubanta mafita. Ta ce ta daɗe tana so ta gaya mani, amma ta ɗauka ni ma a cikin duhu nake, kuma wanda bai sani ba ana iya yi mashi uzuri.

Nan ne na gaya mata maganar lauje.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni shekara nawa ke nan. Na ce biyar.

"A lokacin akwai sauran yara a zaure," in ji ta. "Kaɗan, amma akwai. Inna tana biya masu, shi yana saurare yana buga sanda in sun yi kuskure."

Ta miƙe, ta ɗauki rigar daga kan kekena, ta mayar cikin leda, ta fita.

Washegari na tafi Ƙofa. Na durƙusa a gaban tabarmar Yaya na faɗi komai, tun daga rumbu har lauje. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa. Na roƙe shi gafara. Idonsa na dama yana zubar da ruwa, amma tun da ya faɗi haka idon yake, ko ana dariya. Bakinsa ya motsa, wani sauti ya fito. Na juya na tambayi matarsa mi ya ce.

"Ni ma ba kullum nake ganewa ba," in ji ta. "Kuma yau ba zan yi maka tafinta ba."

Na ce zan gyara a inda na ɓata. Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a gaban jama'a, da guntayen zare a aljihuna. Na ce Yaya bai yi rantsuwar ƙarya ba, ni na zalunce shi. Har nan ana saurare. Da na zo bayani na fiddo zaren, sai komai ya cakuɗe mani. Na ce rabi, na ce baƙi da fari, na manta wanne ne uwa. Iska ta ɗauke guda biyu. Wani daga baya ya ce tela ya zo da shago masallaci, aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Maƙwabcin nan mai goyo biyu ya yi tambaya, kuma ba da izgili ya yi ta ba. "To in bai yi ƙarya ba, mi ya kada shi wata huɗu cif?"

Na ce hawan jini. Na ce na sake gwadawa da hannuna ta fito haka, na sare ta don kada a gani. Ya ce shi ya tuna shekarar, tsutsa ce, ni da bakina na faɗa mashi.

Sai wani dattijo, abokin mahaifinmu, ya kama hannuna ya zaunar da ni. Ya juya ga mutane ya ce su dubi abin da ake kira ɗan'uwa. An cuce shi, an kunyata shi, ga shi yau ya ɗora wa kansa laifi a gaban jama'a don ya rufa wa yayansa asiri kafin ya koma ga Allah. Ya ce Allah ya ba mu 'ya'ya irin wannan. Aka ce amin. Mutane suka yi layi suna ba ni hannu.

Na sake gwadawa sau biyu, a wurin wani suna da kuma ƙofar gidan mai gari. Ɗiyar Yaya ta ƙi zuwa, ta ce ta riga ta yi nata. Malamin gona ya taɓa faɗa wa manoma a Kusada kada su maimaita iri mai aure, sun yarda da shi, sun daina maimaitawa, amma ba wanda ya haɗa wannan da Yaya. Masara daban, rantsuwa daban, in ji su. Yanzu a Ƙofa in 'yan'uwa suka yi faɗa a kan gado, ni ake ba su misali da ni. In na shiga masallaci ana matsa mani wuri a sahun gaba.

Zuwana na ƙarshe, matar Yaya ta tare ni a zaure, inda allunan suke jingine a bango ƙura ta rufe su. Ba ta bari na shiga ciki ba.

"Masallacin nan katanga ɗaya ce tsakaninsa da ɗakinsa," in ji ta. "Bakinsa ne ya mutu, kunnensa lafiya lau. Duk ranar da ka miƙe, yana jin ana sa maka albarka, yana jin abin da ake cewa a kansa bayan ka tafi. Da an fara mantawa, kai ka tayar. Don girman Allah ka bar shi haka."

Na ce to mi zan yi.

"Ban sani ba. Ka dai daina magana."

Na daina.